Mai Maɗaba'ar da Ya Sallami Mai Gyaransa

Tunda ka ce shawara ka zo nema kafin ka miƙa wa 'yan kwangila kwamfutocin ma'aikatarka gaba ɗaya, bari in ba ka misalin wani mai maɗaba'a, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Shekara goma sha tara yana buga wa makarantun garinsu takardun jarrabawa, bai taɓa saɓa rana ba. Yana da wani dattijo mai kula masa da kwamfutoci, mutum ne mai mita, ga nawa, ga taurin kai, amma ya san kowace na'ura kamar yunwar cikinsa. Ko ƙarar fanka ce ta canza, ya san wadda ke shirin kwanciya. Da zamani ya juya, sai mai maɗaba'a ya ga takwarorinsa duk sun koma hannun wani kamfani na babban birni, mai ajiye musu ayyukansu a manyan na'urorinsa, ya kuma yi musu gyara daga nesa. Wannan ba laifi ba ne, ni ban ce kada a ɗauki hayar masana ba. Wautarsa ita ce bai bar wa kansa komai ba. Rana ɗaya ya sallami dattijon, ya karɓi littafin da kalmomin sirri ke ciki ya miƙa wa baƙi, suka canza su kaf, shi kuwa ko tambaya bai yi ba. Tsohuwar kwamfutar da ake ajiye kwafin kowane aiki a ciki ma 'yan gwangwan ya sayar wa, wai tana cin wuri.

Wata shida komai ya tafi sumul, har yana yi wa mutane wa'azin ci gaba. Ana gab da jarrabawa, takardun makarantu goma sha ɗaya na jiran bugu, ranar Alhamis da hantsi kwamfutoci suka ƙi buɗewa. Ya buga waya, wata murya mai ladabi ta ce ya yi haƙuri ya bi layi, domin matsalar ta shafi kowa, kuma akwai bankuna biyu da asibiti a gabansa. Ba cutarsa suka yi ba, haka yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta tanada, karantawa ce bai yi ba. Ga takarda dam a sito, ga tawada, ga injuna lafiya lau, ga ma'aikata sun yi jugum, aikin kuwa yana can a kulle a garin da bai taɓa takawa ba. Ranar Asabar ya haɗiye girman kai ya tafi gidan dattijon. Mutumin ya biyo shi, ya daɗe zaune gaban kwamfuta, sannan ya ce, "Alhaji, makullin ai da hannunka ka karɓa. Ni yanzu baƙo ne a nan." Sai Talata aka buɗe masa, alhali tun Litinin ɗalibai suka zauna, malamai na rubuta musu tambayoyi a allo da alli. Babu shugaban makarantar da ya zage shi, kuma da ma zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Da sabon zango ya zo, ko ɗayansu bai dawo ba. Ina wurin ranar da waɗanda suka sayi injunansa suka loda su a mota, yana tsaye bakin ƙofa yana kallo.

Don haka ka ɗauki 'yan kwangilarka, amma ka bar mutum ɗaya da makulli ɗaya a gida. Tun tuni Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.