Wasiyyar Magaji

Rabo ya jefa kaset ɗin ƙarshe cikin murhu, ya tsaya a kansa har ya narke.

Shekara biyu ke nan yana wannan aiki. A da, su huɗu har da shi suka kafa ƙungiyar makaɗan jita a Gangara, suka ɗauko amon luguden mata da na gurmi suka ɗora a kan jita. Magaji ne mawaƙinsu. Daga baya ya tuba ya bar waƙa. Da ciwon ajali ya kama shi, ya riƙe hannun Rabo ya ce, "Kada ka bar waƙata tana yawo ina kabari. Ka shafe ta."

Rabo ya bi kasuwa-kasuwa, daga Gazawa har Cadakori, yana roƙon masu tura waƙa a salula su goge. Wasu sai da suka ga hawayensa.

Yau ya gama. Ya ɗauki buta zai yi alwala, sai ya ji ta. A bayan danga ɗiyarsa Sadiya tana daka, tana rera waƙar Magaji, ba ta bar ko baiti ɗaya ba.

"Sadiya, a salular wa kika ji wannan?"

"Ba a salula ba ne, Baba. Kai ke rera ta kullum in kana ɗaura wa shanu amalanke. Duk matan unguwa sun iya, da ita muke daka."

Rabo ya dubi tokar. Daga gidan maƙwabta, wata taɓarya ta amsa.