Telan da Ya Dogara da Maganin Bayan Teku

Tunda ka kawo zancen masu gyaran halitta, zauna in ba ka wani misali. An yi wani tela mai hannu ƙwarai, shagonsa na bakin kasuwa. Ya nemi auren wata malamar firamare a unguwarsu, suka so juna so na gaskiya, har iyaye suka sa rana. Da suka je gwajin jini, likita ta zaunar da su ta ce kowannensu lafiyarsa ƙalau, amma dukansu biyu suna ɗauke da irin sikila a jini, in suka yi aure suna iya haifar yaro da ciwon gaba ɗayansa. Malama ta koma gida ta sha kuka, ta aiko masa cewa a haƙura. Tela kuwa zuciyarsa ta ƙi. Ya taɓa ji a rediyo cewa a ƙasashen waje masana sun fara ɗibar ɓargon mai sikila, su gyara ƙwayar halittar da ta karkace, su mayar masa, mutum ya tashi garau. Shi a ganinsa wannan ai farke ɗinki ne a sake, aikin da yake yi kullum. Ya dinga zarya gidansu yana ce mata, "Kafin ɗanmu ya yi wayo maganin nan ya iso garin nan. Wa ma ya ce da ciwon za a haife shi?" Ba yaudararta yake yi ba, har cikin ransa ya yarda da abin da yake faɗa. Ita ma da yake tana sonsa, sai ta ba da kai.

Allah ya ba su 'ya mace, mai wushirya da yawan dariya. Ba ta rufe shekara ba yatsunta suka fara kumbura, idanunta suka koma ruwan ɗorawa. Ruwan sama kaɗan ya taɓa ta, sai ciwo ya sauka a ƙashi, ta yi ta ihu ko zani ba ta so ya goge ta. Tela ya saba da barandar asibiti fiye da kan keken ɗinkinsa, yana bin 'yan'uwa da abokai yana roƙon jini. Duk likitan da ya gani sai ya tambaye shi labarin gyaran nan. Amsar ɗaya ce: gaskiya ne, akwai shi, har wasu sun warke, amma a bayan teku yake, asibitocin da ke yi ba su da yawa, kuma ko gidajen layinsu duka aka sayar ba za su kai yaro ɗaya can ba. Da ta isa shiga makaranta ya ɗinka mata kayan makaranta da hannunsa, har da aljihu don ta riƙa zuba gyaɗa, amma kwanakin da ta sa su ba su kai waɗanda ta yi a gadon asibiti ba. Tana cikin famfarar haƙori zazzaɓi ya kama ta, ƙirji ya toshe, ta cika a kan cinyar uwarta. Shi ya yanka likkafaninta da almakashinsa. Matar ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba, kuma shirun nan ya fi masa zagi ciwo. Bayan an share makoki ta durƙusa gabansa ta ce, "Malam, ban daina sonka ba, amma ba zan iya sake haihuwar wanda zan binne ba." Ya sawwaƙe mata, shi yana kuka ita tana kuka, ya taya ta ɗaure kayanta.

Ka ga, masanan ba su yi ƙarya ba, maganin yana nan. Tazarar da ke tsakaninsa da ƙofar gidan tela ce ba a auna ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.