Katin Yaya da Kwamfutar Kyauta

Kafin ka danna wannan maɓallin, bari in ba ka misali. Wani malamin makaranta ne ya so ya sa sakamakon jarrabawar ɗalibansa a intanet, iyaye su riƙa dubawa ta waya. Sai ya ji labarin wani kamfanin ƙasar waje da ke ba da aron kwamfuta kyauta: tana can a rumbunsu, kai kana nan kana sarrafa ta. Sharaɗin kawai ka sa lambar katin banki. Nasa katin na naira aka ƙi karɓa, sai ya tafi wajen yayarsa, wadda ke da katin dala. Shekara biyu tana tara dalolin nan, ta sayar da filinta ta haɗa, domin a kai mijinta Masar a yi masa aikin ƙoda. Ya rantse mata ko sisi ba za a taɓa ba, ta ba shi. Da ya shiga, aka jera masa kwamfutoci manya da ƙanana. Wata 'yar mitsitsiya ce kaɗai aka rubuta wa kyauta, amma gogan naka ya raina ta, ya ce wa zai je walima ya ɗauki ƙaramin kwano? Ya zaɓi ƙatuwa. Akwai wurin da ake saka iyaka, a turo maka gargaɗi idan kuɗi ya fara tafiya. Ya tsallake shi, don a ganinsa abin da ba a biya ba ya buƙatar mai gadi. Da aka gama duba sakamako ya rufe kwamfutarsa ta hannu ya tafi hutu, yana zaton ta can ma ta mutu. Ita kuwa tana kunne, kamar famfon da aka bari a buɗe aka yi tafiya.

Wata huɗu kamfanin yana cirar kuɗi daga katin. Saƙon banki kuwa, da yake lambarsa aka ba bankin, yana shiga wayar mijin, wanda ke kwance, ko ɗaga kai da ƙyar yake yi. Ba a farga ba sai ranar da asibitin Masar ya ba su rana, yayar ta je biyan kuɗin ajiye gado, aka ce mata abin da ke ciki bai kai ba. Malamin ya kashe kwamfutar, ya rubuta wa kamfanin takardar roƙo, ya sayar da babur ɗinsa. Kafin kuɗin su haɗu an ba wani gadon, aka ce su jira wata uku. Mijin bai kai ba. Ba na cewa da an je da ya rayu, wannan sanin Allah ne, amma ƙanin nan ba zai taɓa sani ba, kuma abin da ke cinsa ke nan har yau. Ranar sadakar uku ya durƙusa gabanta yana kuka. Ba ta zage shi ba. Cewa ta yi, "Tashi, ƙanena. Ni ce na yarda akwai abin da ake bayarwa haka kawai." Ni wannan maganar ta fi mini zagi ciwo.

Don haka ka ɗauki ƙaramar da aka ce, ka saka iyakar, in ka gama ka goge ta gaba ɗaya, kuma kada ka sa katin wani. Hausawa sun riga sun faɗa: banza ba ta kai zomo kasuwa.