Motar Manomin Rake

Zauna ka sha ruwa tukuna, tunda ka ce kai ma rabin aikin za ka yi wa motarka, sauran sai hali ya yi. Bari in ba ka misali. An yi wani manomin rake a wani gari na bakin fadama, mutum ne mai sanyin hali, ba ya da abin da ya fi ƙauna a duniya kamar tsohuwarsa. Ciwon ƙoda ya kama ta, ya zama dole kowane mako a kai ta birni a yi mata wankin ƙoda a asibiti. Motar da yake kai ta da ita ta ƙanensa ce da ya rasu, mota mai injin turbo, irin wadda in aka taka ta takan yi wani siririn fito kafin ta zabura. Tsohuwar ba ta san kan mota ba, amma ta san wannan fiton. In ta ji shi sai ta dafa kujerar gabanta ta yi wa mamacin addu'a. To, fetur ya yi ta hawa, har ya zama tafiya ɗaya tana cinye abin da iyalinsa za su ci kwana da kwanaki. A kusa da garin kuwa akwai masu tatsar man itanol daga rake, kuma da yake shi ma yana kai musu rakensa, da sauƙi zai samu. Sai ya ɗauki motar ya kai wa wani dattijon bakanike, ya ce a juya masa ita ta koma shan man rake. Dattijon ya buɗe gaban motar ya daɗe yana dubawa. Ya nuna masa tiyon roba da suka tsufa, ya ce wannan man zai cinye su. Ya ce famfon mai da nozul masu fesa wa inji mai duk sai an sa manya, domin inji ya fi zuƙar itanol a kan fetur, sannan a sake saita ƙwaƙwalwar motar, wato na'urar da ke auna wa inji mai. Turbo iska yake durawa inji, in mai bai ishe shi ba wuta ce za ta ci cikinsa. Da ya faɗi kuɗin aikin, manomin ya cire hula ya share gumi. Dattijon ya ce, "Ka bari ka sare rakenka ka sayar, mu yi shi gaba ɗaya. In ba haka ba, bar ta yadda Allah ya bar ta."

Amma saran rake da saura, ranar asibiti kuwa ba ta jira. Aka yi masa kwatancen wani gareji a bakin kasuwa, inda aka ce masa duk wancan dogon lissafi ne kawai, saitin ƙwaƙwalwa ya isa. Aka yi masa a yini guda, a kan abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Ya dawo gida bakinsa har kunne, da rarar da ya samu ya sayo wa tsohuwar bargo mai laushi na shimfiɗawa a kujerar baya. Makonni suka wuce motar tana gudu kamar ba a taɓa ta ba. Ran nan suna hanyar asibiti da hantsi, ga wani dogon hawa, ga babbar mota a gabansu tana jan ciki, shi kuma yana tsoron kada layi ya wuce su. Ya taka ta sosai. Motar ta yi fitonta, sai ta yi tari, sai wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya. Farin hayaƙi ya turnuƙe, inji ya buga. Ya fito ya ɗaga murfin, ya tsaya riƙe da shi, hawaye na zuba a kan ƙarfen mai zafi. Tsohuwar ta lallaɓo ta fito da ƙafafunta da suka kumbura, ta kama hannunsa, ta sa gefen mayafinta tana goge masa baƙin mai yatsa bayan yatsa, kamar yadda take yi masa yana yaro in ya dawo daga wasan taɓo. Ya ce, "Inna, na kashe motar marigayi." Ta ce, "Mai ita ma ya tafi mun haƙura, balle ƙarfe. Tare mana wata, rana tana yi." Wani direban motar rake ne ya tsaya, ya sauke yaron motarsa zuwa baya, ya ba ta gaba. Suka isa a makare, amma an karɓe ta.

Da aka sare rake, kuɗin da zai isa a yi aikin gaba ɗaya bai isa sayen wani injin ba. Motar ta zauna a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Tun daga nan a motar haya suke zuwa birni, a matse cikin mutane da buhuna, yana tallabe da ita a kafaɗarsa, duk ramin da aka faɗa sai ya ji shi a ƙirjinsa kafin ita ta ji a jikinta. Ba ta taɓa tayar masa da zancen ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ka ga, ba mugunta ce ta kai shi ba, ba kuma rowa ba, ƙauna ce da gaggawa. Amma inji bai san niyya ba, abin da aka ba shi kawai ya sani. Shi ya sa Hausawa suka ce, araha ba ta ado.