Gwangwanin Sukarin Baba

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya tona: wawan labarin nan ni ne, ina aji uku, ina jin duk unguwar Laranto ba mai ilimina.

Babana tela ne mai ciwon sukari, kullum da safe yakan yi wa kansa allurar insulin. A aljihun keken ɗinkinsa akwai ɗan gwangwani cike da ƙwayoyin sukari. Na ji an ce sukari guba ne gare shi, sai na sadaukar da kaina, na tsotse su tas don in ceci ransa.

Ran nan ɗinkin Sallah ya hana shi cin abincin rana. Da la'asar keke ya yi shiru. Gumi na tsiyaya masa cikin sanyin Jos, ya buɗe gwangwani, wayam. Ya dube ni. Yau ga furfura a kaina, amma da zan sake ganin idanun nan, ko da harara ce ina so.

Maman Dung mai kunu, maƙwabciyarmu, ta rugo ta dama sukari a ruwa. "Sha, oga tela, tun kana iya haɗiyewa. Allura ta cinye sukarin jikinka."

Can idonsa ya washe, ta miƙa masa burodi.

Na ce, "Mama, an fa hana shi sukari! Shi ya sa na shanye na gwangwanin."

Ta ce, "Sannu da ceto. Da na bar maka shi, yau likkafani za a ɗinka a keken nan."