Gaisuwa Daga Kan Ganuwa

Harbin safiyar nan ma ya bi ta saman ganuwar Kalangar, ya je ya sauka a gonar wani bawan Allah da ba ruwansa da yaƙin. Dilawar, maharbin igwar rundunar da ta kewaye garin, ya goge hannu a gefen rawani, bai ɗaga kai ba.

"Saura ƙiris, Ustaz!" in ji wani mai jan shanun igwa, don haka ake kiran gwanayen harbi a can. "Gobe ka same shi in Allah ya so. Ai garin ba gudu yake ba."

Igwar wancan zamani ba ta yi wa kowa alkawari. Harsashinta dutse ne sassaƙar hannu, albarushi kuwa yana da nasa ra'ayin game da daminar ƙasar Dakkan. Duk da haka, a ce maharbin da ya taɓa kakkaɓo tuta daga kan hasumiya ya shafe watanni bai sami gari sukutum a kan tudu ba, abin ya fara neman bayani.

Bayanin yana kan ganuwar. Maharban igwa haya ake ɗaukarsu, sai ka ga gida ɗaya ya rabu tsakanin sarakuna biyu, kowa ya ci gishirin ubangidansa ya rantse a kai. Mai babbar igwar Kalangar shi ne Ustaz Murtaza, mahaifin Dilawar, wanda ya koya masa auna nisa da babban yatsa, da mari in ya kuskure.

Saboda haka kullum safiya Dilawar yakan ƙara tafin albarushi a ɓoye, harbin ya zarce. Kullum la'asar kuma dutse ɗaya yakan taso daga ganuwa ya faɗi a gaban ramin da yake fakewa. Tsohon da bai taɓa ce masa sannu da aiki ba, ga shi yana gaishe shi a gaban runduna biyu. Gaisuwar ma sai matsowa take yi. Ran nan har ta watsa masa ƙasa a kwanon miyar wake. Ya yi murmushi, ya ce a ransa ashe tsoho ya iya tsokana.

Nawab, ubangidansa, bai ga abin dariya ba. Ya sa aka shafa wa Dilawar baƙin tukunya a fuska, aka rataya masa tsofaffin takalma a wuya, aka ɗora shi kan jaki fuskarsa wajen wutsiya, aka zaga da shi sansani. Matarsa ta sauke labulen tanti. Daga ranar masu shara ma suka daina tashi masa. Ya haɗiye, tunda dai akwai mutum ɗaya a duniya da ya san dalili.

Wata la'asar aka ji ƙara daga ganuwa ba irin wadda aka saba ba. Gaisuwa ta ɗauke. Ba a daɗe ba yunwa ta buɗe ƙofar da igwa ta kasa.

Dilawar ya tarar da mahaifinsa cikin fursunoni, zaune a ƙasa, hannun damansa naɗe da tsumma. Ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa.

"Abba."

"Kai ne na kan jakin?" in ji tsohon, bai dube shi ba. "Daga sama muka yi kallo. Aka tambaye ni ko na san ka, na ce kama ce."

"Da gangan nake zarcewa, Abba," Dilawar ya yi ƙasa da murya. "Na gane saƙonka tun farko. Da na ga kana sauke naka a gabana, na ce ni ma ba zan..."

Sai a lokacin Ustaz Murtaza ya ɗago, ya daɗe yana kallonsa.

"Wane saƙo? Ni gishirin mutane na ci, yaro. Igwar ce ba ta kaiwa. Na yi ta ƙara mata albarushi har ta fashe mini a hannu, da ta ƙara haƙurin kwana kaɗan da na same ka."