Ranar da Dawa Ta Ƙare a Dutsen Inna

Na yi furfura ina yawo da jita gari-gari, amma a gindin dutsen niƙan Inna na koyi waƙa, a gidanmu na Mubi, zamanin jihar Gongola.

A wajenmu, duk abin da mace ta rera tana niƙa ba a tanka mata, muddin dutsen na motsi. Da Baba ya rasu, wansa Bappa ya riƙe gonarmu ta Duvu ya hana mu. Inna ta sa shi a waƙa, har mata suka ɗauka a bakin mayo, wato kogi.

Wata la'asar sai ga shi da sanda, ko sallama babu. Ya tsaya a kan Inna yana huci, yana jiran niƙan ya ƙare. Na ƙura wa ƙwaryar dawar ido: saura tafi guda, rumbu kuma babu komai.

Dawar ta ƙare.

"To, matar ƙanena, ajiye dutsen ki faɗa mini da bakinki," in ji Bappa.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da gurza dutse a kan dutse har ƙauri ya tashi, tana rera cewa abin zuba wa dutsen yana can Duvu. Maƙwabta suka fara leƙowa ta zana. Bappa ya juya ya fita.

Da ta saki dutsen, tafukanta duk sun saɓule.

Har yau, in wani babba ya aiko in cire baiti, ƙaurin nan nake ji, sai in ƙara ɗaure tsirkiya.